Amanar Mai Lalura: Daga Gandu Zuwa Dokar Inshorar Lafiya

A Chaza, kamar a sauran unguwannin Suleja, babbar dukiyar da magidanci yake mutuwa ya bari ita ce gida: 'yan ɗakunan haya, wataƙila da shago a bakin hanya, sai abin da ya taru a asusun fansho. Idan 'ya'yansa duk lafiyayyu ne, ko an ɗan yi ka-ce-na-ce wajen rabo, kowa zai kama gabansa. Amma idan a cikinsu akwai wanda shan-inna ta taɓa, ko mai farfaɗiya, ko wanda aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, uba kan kwana da tambaya guda a ransa: wa zai riƙe yaron nan bayan raina, kuma da me? Cikin shekara ɗari biyu, amsar wannan tambaya ta yi ta sauya hannu a ƙasar Hausa, daga gandu zuwa fada, daga fada zuwa asibitin mishan, daga nan zuwa gwamnati da majalisa. Bin sawun wannan sauyi zai nuna mana abin da ya ɗore da abin da bai ɗore ba.

Zamanin gandu da fada

Lokacin da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan'uwansa Abubakar Ja ya gaje shi, ya kuma kafa garin Abuja a 1828, garin da yau muke kira Suleja. Mutanen da suka biyo su sun taho da zaman gida irin na Hausa, wanda ginshiƙinsa shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Makaho ko gurgu a irin wannan gida yana da tuwonsa ko bai riƙe fartanya ba, yana kuma da ɗakinsa, domin gidan gado a wancan zamani wurin zama ne, ba kasafai ake sa masa kuɗi ba. Idan maigida ya rasu, babban ɗa ko ƙane ya ɗauki ragama, nauyin marar ƙarfi ya biyo shi ba tare da an rubuta komai ba.

Wanda gida ya kasa riƙewa kuwa, gari ya yi masa tsari. A manyan biranen Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa, shi ke sasanta su, shi ke kai kukansu fada. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ba da labarin unguwar makafi mai tsabta da tsari, ya ce mazaunanta suna samun wani kaso daga sarki, suna kuma fita bara kasuwa. Wannan tsari ya kare mutane daga yunwa, ya ba su murya. Rauninsa shi ne ya ɗora rayuwar mai lalura a kan sadakar yau da gobe, bai mallaka masa abin da zai tsaya a kai ba.

Abin da fiƙihu ya tanada

Alƙalan wancan zamani, da littattafan Risala da Mukhtasar da Tuhfa a gabansu, sun san hukuncin dukiyar mai rauni dalla-dalla. Lalura ba ta rage wa kowa gado, ba ta kuma ƙara masa. Makanta ko gurgunta ba sa hana mutum juya dukiyarsa. Ai Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, kuma an sha bar masa jagorancin Madina. Wanda ake yi wa hajaru, wato a riƙe masa dukiya, shi ne yaro, da mai taɓin hankali, da wanda bai san ciwon kuɗi ba. Farkon Suratun Nisa'i ya umarci a ciyar da irin waɗannan a tufatar da su daga dukiyarsu, a kuma kafa shaidu ranar da za a miƙa wa maraya abinsa. Uba yana da ikon naɗa wasiyyi da zai kula da irin wannan ɗa bayan mutuwarsa. Idan bai naɗa ba, alƙali ne zai naɗa.

Sai dai uban da yake son ya ware wa ɗansa mai lalura wani abu na daban yana da iyakoki. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Hanya biyu suka rage masa, duk kuma sai yana da rai da lafiya. Ta farko kyauta. An yi umarni a daidaita tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, amma malamai irin su Ibn Ƙudama, a littafinsa Al-Mughni, sun ba da damar fifita wani saboda dalili na gaskiya, kamar makanta ko ciwo mai daɗewa. Ta biyu hubusi, wato waƙafi: a tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, a riƙa kashe amfaninta kan wanda aka ambata. Tushensa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar. A mazhabar Malikiyya ana iya yin hubusi na wani lokaci, misali tsawon rayuwar mutum ɗaya, daga nan dukiyar ta tafi inda mai ita ya shardanta.

Dukkan hanyoyin biyu suna rataye a kan sharaɗi guda, wato hauzi. Dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. In ba haka ba, ya koma cikin gado. An yi wa uba sassauci ya riƙe a madadin ɗansa ƙarami ko wanda ke ƙarƙashin hajarunsa, muddin ya kafa shaidu, amma ko nan ɗin malamai sun tsananta a kan gidan da shi uban yake zaune a ciki.

A wasu ƙasashen Musulmi wannan ƙofa ta yi faɗi ƙwarai. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare albashi, ya sa wa makafi 'yan jagora. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da kuɗin waƙafi ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. A ƙasar Hausa kuwa hubusi ya fi tsayawa kan rijiya da masallaci da littattafai. Ƙasa tana hannun sarki a madadin jama'a, dukiyar talaka kuma hatsi ce da dabbobi, saboda haka zakka da sadaka suka fi yawo a hannun mutane fiye da hubusin iyali.

Zuwan Turawa

Turawa sun shiga Abuja a 1902. Dokar ƙasa ta 1910 ta ɗora filayen Arewa a hannun gwamna. A 1916 aka kafa dokar masu taɓin hankali, wadda aka sake fitarwa a 1958, kuma manufarta tsare majinyaci ce fiye da yi masa magani. Da yawa a sashen gidan yari suka ƙare. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin SIM sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A Jihar Neja ta yau akwai asibitin kutare na Chanchaga a Minna, a ƙasar Maraɗi kuma na Danja. An buɗe asibitin ido na Kano a 1943, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Maganin dapsone da ya yaɗu a shekarun 1950 ya sa kuturu yana iya karɓar ƙwaya a ɗakin shan magani ya koma gida.

Waɗannan wurare sun warkar da dubban mutane, sun koya wa wasu karatu da sana'a. Amma sun raba mutane da yawa da danginsu na tsawon shekaru, kuma wanda ya daɗe ba ya gida, kasonsa na gona kan narke cikin na 'yan'uwa.

Ranar da gida ya zama kuɗi

Babban juyi ga mutanen Suleja ya zo ne a Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Jihar Neja ta kuma zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya. Masarauta ta ba da kaso mai yawa na ƙasarta, ta ba da sunanta, garin ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ma'aikatan da suka gina sabon birnin, a Suleja suka fara sauka. Bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, da kuma rushe-rushen da aka yi zamanin da Nasiru El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, jama'a suka ƙara kwararowa. Gonaki suka koma filoti, zaure ya koma shago, dillalai suka yawaita. Gidan da a da ake zama a cikinsa kaka da jika ya zama abin da ake yi wa kuɗi a raba.

A nan ne matsalar mai lalura ta fito fili. Ɗauki misali: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, da 'ya mace ɗaya wadda ba ta iya tafiya, kuma tana shan magani kullum. Idan aka kasa gidan kashi 40, matar tana da tumuni, kashi 5, kowane namiji 14, yarinyar 7. Rabon daidai yake, domin shari'a ta ɗora ciyar da ita a kan wasu, ta kuma kwaɗaitar da 'yan'uwa su riƙe zumunci. To amma an sayar da gidan. Ɗaya ya sayi mota ya shiga kabu-kabu, ɗaya ya biya bashi ya kama haya a Madalla. Kason yarinyar aka damƙa wa babban wa da baki, aka ce amana ce. Ba lallai ne ya ci ba. Kuɗin makaranta ya taso ya ranta, matarsa ta haihu ya ranta, kuɗin magani yana fita wata-wata, darajar naira tana zubewa. Bayan 'yan shekaru babu gida, babu kuɗi, babu takarda, ba kuma wanda za a kama da laifi ƙarara.

Doka ba ta bar wannan fili fayau ba. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa wadda ta taso daga Zariya, Kotun Ƙoli ta ce Musulmi yana iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya so, ta soke hukuncin da Mai Shari'a Mohammed Bello ya yanke bisa Malikiyya. Hukuncin ya tayar da ƙura, daga baya wasu jihohi suka yi dokokin wasiyya da suka cire Musulmi daga ciki. Tsarin mulkin 1999 kuma, a sashe na 277, ya ambaci waƙafi da kyauta da wasiyya da gado cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, tare da riƙo da ciyar da Musulmin da ke da rauni a jiki ko a hankali. Ke nan hubusin da uba ya yi wa ɗansa mai lalura yana da kotun da za ta tsaya masa.

Dokokin lafiya, ɗaya bayan ɗaya

A daidai lokacin da gandu yake watsewa, magani ma ya fara tsada. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da shirin Bamako na 1987 sun kawo zamanin da majinyaci ke biyan kuɗin kati da na magani a asibitin gwamnati. A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, amma sai 2005 ta fara aiki, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Yaro mai lalura kuwa buƙatarsa ba ta ƙarewa ranar da ya cika 18, kuma uban da aka rataya rajistar a wuyansa zai yi ritaya, zai mutu. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi; gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Dawowar shari'a a Zamfara da Neja da wasu jihohi a 2000 ta farfaɗo da maganar zakka da waƙafi a hukumance. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Sakkwato ta fara da kwamiti a 2007, ta mai da shi hukuma a 2016. A 2007 ɗin ne gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara biyan masu lalura naira 7,000 a wata, ta Aliyu Wamakko a Sakkwato kuma naira 6,500. A lokacin kuɗi ne masu auki. Yau ba za su sayi maganin wata guda na wasu cututtukan ba.

A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 kuɗin suka fara bayyana. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani; ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga; ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati; ta hana amfani da mai lalura wajen bara; ta kuma ce mai lalurar ƙwaƙwalwa zai samu magani kyauta a asibitocin gwamnati. Hukumar da za ta kula da dokar ta fara aiki a 2020, shekarar da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, bayan ta bar dubban guragu a Arewa. A Mayun 2022 sabuwar doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusu na masu rauni, ciki har da masu lalura. Jihar Neja ma tana da nata shirin, NiCare. A Janairun 2023 dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958.

Waɗannan dokoki nasara ce, kuma ƙungiyoyin masu lalura sun sha gwagwarmaya kafin a same su. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fita. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 200 a 2015 ta haura 1,500 a 2024, farashin magani ya bi ta.

Yadda wasu suka yi

Iyaye a Amurka sun gamu da irin wannan damuwa ta wata fuskar. Can, mai lalura ba ya samun tallafin SSI, wanda a yawancin jihohi shi ke buɗe ƙofar inshorar Medicaid, idan abin da ya mallaka ya wuce dala 2,000, adadin da bai motsa ba tun 1989. Gado kaɗan kan iya raba shi da magani. Saboda haka ake ajiye dukiyar a asusun amana, a hannun wani amintacce da zai riƙa kashe masa. Majalisarsu ta tsara wannan a 1993, ta ƙara da asusun ajiya na ABLE a 2014, a 2016 kuma ta ba mai lalura da hankalinsa yake cikakke damar kafa asusun da kansa. Duk lokacin da aka taɓa dokar lafiya, iyalai kan koma wurin lauya su sake duba takardunsu. Dalilinsu daban ne da namu, amma ƙashin bayan abin ɗaya ne da hubusi: a raba riƙon dukiya da cin amfaninta, a rubuta sharuɗɗa, a sa wanda zai ba da lissafi.

Inda aka kwana

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, kowane mai riƙo ya yi zamaninsa ya wuce. Gandu ya watse, kason fada ya tsaya, asibitocin mishan da yawa sun koma hannun gwamnati, alawus ya bi gwamnan da ya kawo shi ko hauhawar farashi ta cinye shi, dokar inshora ta sauya fasali. Buƙatar mai lalura ce kaɗai ba ta sauya ba, kuma sau da yawa yana rayuwa shekaru masu yawa bayan iyayensa.

Magidancin Chaza da yake da irin wannan ɗa yana da abin yi tun yana kan ƙafarsa. Ya je wurin malami masanin gado, ya haɗa da lauya. Ya tara matansa da 'ya'yansa ya faɗa musu niyyarsa da dalilinsa, domin abin da aka yi a ɓoye shi ke haifar da ƙara. Ya ware abin da ke kawo kuɗi wata-wata, kamar shago ko ɗakunan haya, tun da haya tana tashi tare da farashi, tsabar kuɗi kuwa narkewa take yi. A rubuta, shaidu su sa hannu, a kai kotu a tabbatar. Sannan a yi hauzi na zahiri: a miƙa makulli, a kira ɗan haya a gaban shaidu a ce masa daga watan nan ga wanda za ka riƙa ba kuɗi, rasit ya fara fita da sabon suna, a buɗe asusun banki na daban. A naɗa naziri, wato mai kula da hubusin, a ambaci wanda zai gaje shi, a sa wani na uku da zai duba lissafi duk shekara. A rubuta cewa gyaran ginin ne farko, sai magani da abinci da kuɗin inshora, da ladan mai jinya, wadda galibi uwa ce ko 'yar'uwa. A bar wa naziri sarari ya bi sabuwar doka idan ta zo. A faɗi inda dukiyar za ta koma bayan ran mai amfana. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa kuɗin fansho ba sa fita don kawai an rubuta sunan magaji a fom. Sai da wasiyya ko takardar izinin kula da gado daga kotu.

Idan mai lalurar baligi ne mai cikakken hankali, to da shi za a zauna, ra'ayinsa ne gaba, kuma sau da yawa abin da ya fi masa shi ne jari da sana'a a hannunsa. Rubuta amana ba zargin 'yan'uwa ba ne. Yana sauƙaƙa wa mai gaskiya riƙo, yana kuma kare shi daga zato ranar da aka tambaye shi lissafi. Fiƙihu ya buɗe ƙofar tun da daɗewa, tsarin mulki ya amince da ita. Sharaɗinta guda ne wanda ba a iya ramawa: sai mai dukiya yana da rai da lafiya.